Neman diyyar rauni bayan haɗarin mota: yadda ake bin haƙƙi tare da lauya, daga asibiti har kuɗi su shigo hannu

Direban da ya buge ka, sau da yawa, shi ne mafi talauci a cikin waɗanda alhakin rauninka ke wuyansu. Yaron wani ne, balas yake kaiwa kullum da yamma, ko an juye aljihunsa ba za a samu kuɗin hoton ƙashi ba. A bayansa akwai mai motar, a bayan mai motar kuma akwai kamfanin inshorar da doka ta ɗora wa biya. Amma a nan Arewa yawanci a kan direban magana take ƙarewa. A je caji ofis, dattawa su shiga, a ce ƙaddara ce, a miƙa wa dangi abin da ba zai kai su ƙarshen wata a asibiti ba, a sa hannu a takarda, a watse. Bayan wata shida likita ya ce sai an sake aiki an sa ƙarfe, a lokacin kuwa babu wanda za ka kira ya ɗaga waya.

Ƙaddara gaskiya ce, yafiya kuma alheri ce ga wanda ya yi ta da zuciya ɗaya. Sai dai addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya shar'anta diyya a kan ɓarnar da aka yi bisa kuskure. A fiƙihun Malikiyya ma ba a yanke diyyar rauni sai mai raunin ya warke an ga abin da ciwon ya bari a jikinsa. Wanda ya ga dama ya yafe, amma ya yafe bayan ya san girman abin da yake yafewa.

Ranar da abin ya faru

Asibiti ne farko, ba caji ofis ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa, saboda haka babu hujjar a ce sai an kawo takardar 'yan sanda kafin a taɓa ka. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, ita ce 122.

Mai rauni ba shi da ta cewa a wannan rana, aikin na ɗan'uwa ne ko aboki. Wani ya bi mara lafiya, wani kuma ya tsaya a wurin haɗarin. Wanda ya tsaya ya ɗauki hoton lambar motar, da yadda motocin suka tsaya kafin a janye su, da sawun birki a kan kwalta, da rubutun jikin motar idan ta kamfani ce. Ya karɓi sunaye da lambobin wayar mutum biyu ko uku da suka gani da idonsu. A nemi masu zama a wurin, kamar mai shayi, mai faci, ko mai shagon da ke kallon titin. Mai wucewa ya wuce ke nan, mai faci kuwa ko baɗi ka dawo yana nan. Idan motar haya ce ta tasha, a je wajen 'yan ƙungiyar direbobi a nemi takardar da aka rubuta sunayen fasinjoji, ita ce za ta nuna kana cikin motar.

Kada a goge hotunan daga wayar da aka ɗauke su, kada kuma a sayar da wayar. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce duk abin da ya fito daga waya ko kwamfuta sai an haɗa shi da bayanin na'urar da ta samar da shi kafin kotu ta karɓa. Hoton da ya zaga ta WhatsApp hannu biyar yana ba lauya wahala.

Asibiti, mai ɗori, da littafin kashe kuɗi

Ga inda mutanenmu suka fi yin asara. An kai mutum Asibitin Murtala ko na ƙashi da ke Dala, an ɗauki hoto, an ce karaya ce, sai a faɗi kuɗin aiki. Dangi su dubi juna, su sa hannu cewa sun ɗauki mara lafiyarsu da kansu, su wuce wajen mai ɗori. Ba na raina masu ɗorin gida, kuma na san rashin kuɗi ne ke kai mutane can. Amma mai ɗori ba ya ba da rasit, ba ya rubuta rahoto. Idan ƙafar ta ɗore a karkace, lauyan ɗaya ɓangaren zai miƙe a kotu ya ce ba haɗarin ne ya nakasa ka ba, kai ka gudu daga hannun likita. Wannan magana tana rage diyya sosai. Idan dole ta sa aka tafi gida, a tabbata an fara buɗe kati, an ɗauki hoton ƙashi, an karɓi hoton a hannu, sannan a riƙa komawa asibiti ana duba ciwon ana rubutawa a fayil.

A sayi littafi mai arha tun ranar farko, a ba mutum ɗaya amanar rubutu. Kowace rana a rubuta kwanan wata da abin da aka kashe: kati, magani, jini, gado, filasta, sandar dogarawa, kuɗin adaidaita zuwa asibiti da dawowa. Rasit kuwa ko na allura ɗaya ne a karɓa. Na kemis ma a ce ya rubuta a takardar shagonsa mai suna da hatimi. Rasit ɗin da na'ura ke fitarwa yana goge kansa cikin 'yan watanni, don haka a yi masa hoto ko kwafi tun yana sabo. A zuba komai a jaka guda.

Dalilin wannan wahala shi ne kotunan Najeriya sun raba diyya gida biyu. Akwai kuɗin da ka kashe ko ka rasa wanda ake iya ƙirgawa, shi wannan sai ka jera shi dalla-dalla ka kuma tabbatar da shi. Akwai kuma na azaba da nakasa, wanda alƙali ke ƙiyastawa da kansa. Na farkon, abin da ba ka kawo hujjarsa ba da wuya ka gan shi.

A caji ofis

Sashen 'yan sandan da ke kula da haɗurran mota su ne za su zana taswirar wurin, su ɗauki jawabin kowa, su kira jami'an VIO su duba lafiyar motar. Ka tabbata an ɗauki naka jawabin, ko da a gadon asibiti ne. Ka faɗi abin da ka gani kawai. Idan ba ka iya tuna wani abu ba, ka ce ba ka tuna ba. Idan da Turanci aka rubuta, a karanta maka a fassara kafin ka sa hannu. Ka riƙe sunan ɗan sandan da ke binciken da lambarsa, domin wata rana shi ne shaidarka, kuma ana yawan yi musu canjin wurin aiki.

Mutane suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Gurfanar da direba kan tuƙin ganganci shari'ar gwamnati ce da shi, abin da za ta haifar tara ne ko ɗauri. Neman diyyarka kuwa ƙara ce taka ta kanka, kai za ka shigar. Kana iya cewa ba ka son a tsare direba, a ba shi beli ya koma wa iyalinsa, ba tare da ka zubar da haƙƙinka a kan mai motar da inshorarsa ba. Tausayin direba daban, yafe wa kamfani daban.

Matsin lambar sulhu a kwanakin farko yake zuwa, lokacin da ake neman a saki motar. Za a turo dattijon da kake jin nauyinsa. Ba sai an yi masa rashin kunya ba. Babban gida yana iya cewa: "Baba, mun gode da wannan tattaki, Allah Ya saka da alheri. Ba mu riƙe yaron nan a zuci ba. Amma likita bai gama faɗa mana inda ciwon zai tsaya ba. Abin da Alhaji ya kawo mun karɓa a matsayin taimakon magani, haka za a rubuta. Maganar rufewa kuma a bari sai an sallami mara lafiyar." Duk dattijon kirki zai gane wannan. A takardar karɓar kuɗin a rubuta adadi, a rubuta cewa wani ɓangare ne na kuɗin magani. Duk takardar da ta ce wannan shi ne biya na ƙarshe, ko cewa ba za ku sake neman komai ba, kada a sa mata hannu sai lauya ya gani.

Wa'adi

Tun ran gini, tun ran zane. Doka ta yanka wa kowace ƙara lokaci, idan ya wuce kotu ba za ta saurare ka ba ko gaskiyarka ta kai ina. Wa'adin ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A Abuja da Legas shekara 3 ne ga ƙarar rauni, sauran jihohi kowace da dokarta, kuma wannan ita ce tambayar farko da za ka yi wa lauya.

Wanda ya fi cin mutane shi ne na gwamnati. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara kan abin da jami'i ko hukuma suka aikata a bakin aiki. Wata uku kuwa mai karayar cinya ko sauka daga gado bai yi ba. Wasu hukumomin ma dokarsu ta ce sai an aika musu da takardar sanarwa an jira kafin a kai su kotu. Kotuna sun fitar da wasu 'yan togaciya a kan wannan doka, amma kada ka jingina da su. Idan motar da ta buge ka mai lambar gwamnati ce, a nemo lauya a makon farko. Ka kuma sani cewa zaman sulhu da alƙawarin "za mu duba" ba sa tsayar da wa'adi. Akwai masu jan ka da daɗin baki da gangan har lokaci ya ƙure.

Neman lauya

Lauyan garin da abin ya faru ya fi maka amfani a kan babban suna daga nesa. Shi ya san caji ofis ɗin, ya san ofishin ajiye fayil na asibitin, ya san rajistaran kotu, kuma ba za ka riƙa biyan kuɗin jirgi da masauki duk zaman da aka ɗage ba. Sannan ba kowane lauya ne ya saba da irin wannan aiki ba. Wani gwanin filaye ne, wani na zaɓe, wani na gado. Ka tambayi wanda aka taɓa karɓo wa diyya, ko ka je ofishin reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA na garinku.

Lauyan gaske sunansa yana cikin rajistar Kotun Ƙoli, yana da lambar rajista, kuma takardun da yake shigarwa kotu suna ɗauke da hatimin NBA mai sunansa. Ka je ofishinsa da ƙafarka. Wanda ya biyo ka har gadon asibiti ba ka kira shi ba, ko ɗan kamashon da ke shawagi a harabar kotu yana cewa yana da hanya, ka yi musu sallama. Ƙa'idojin aikin lauya sun hana farautar masu ƙara.

Wanda ba shi da hali akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofisoshi a jihohi. Dokarta ta 2011 ta ambaci ƙarar haɗari a cikin ayyukan da take yi kyauta ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma naira 70,000 a 2024. Tsangayoyin shari'a na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello su ma suna da cibiyoyin ba da shawara kyauta.

Ranar ganawar farko ka tafi da jakar takardunka, ka faɗi komai har abin da ba ya yi maka daɗi. Idan ba ka sa hular kwano ba, ko ka tsallaka titi a ƙarƙashin gadar masu tafiya a ƙasa, ko ku huɗu ne a kan babur, ka faɗa. Sirrinka amana ne a wuyansa, kuma gara ya ji daga bakinka da ya ji daga bakin abokin hamayya a gaban alƙali. Samun ka da wani kaso na sakaci ba ya kashe ƙara, rage diyyar yake yi gwargwadon laifinka. Kai ma ka yi naka tambayoyin: "Barista, ka taɓa yin irin wannan da kamfanin inshora? Kai za ka riƙa zuwa kotu ko yaronka? Wa'adina yaushe zai cika? A ganinka ina raunin ƙarar nan yake?" Wanda ya amsa ta ƙarshen nan da gaskiya, shi ne naka. Wanda kuwa ya buga ƙirji ya yanka maka miliyoyi tun bai buɗe jakar ba, ka nemi wani.

Maganar kuɗinsa

Ana jin kunyar wannan magana, daga baya kuma ita ke raba zumunci. Hanya biyu ce. Ko ka biya shi kuɗin aiki, a dunƙule ko kashi-kashi, ko ku yi yarjejeniya cewa zai ɗauki wani kaso daga abin da aka samo, idan ba a samu ba babu nasa. Ƙa'idojin lauyoyin Najeriya sun halatta wannan ta biyun a ƙarar da ba ta laifi ba, muddin kason bai wuce hankali ba. Ga mai rauni da ya daina nema, yawanci ita ce mafita.

Ko wacce aka zaɓa, a rubuta. A fayyace kaso nawa ne, ko zai canza idan an sasanta ba a je kotu ba, ko ya haɗa da ɗaukaka ƙara, da kuma wanda zai biya kuɗin shigar da ƙara, kai sammaci, rahoton likita da kawo shaidu. A kuma rubuta ko za a cire waɗannan kuɗaɗe kafin lissafa kasonsa ko bayan. Ga misali don a ga bambancin. A ce an samo naira miliyan 5, ɗawainiya ta ci 400,000, kason lauya kashi 20 cikin 100. Idan aka fara cire ɗawainiya, lauya zai ɗauki 920,000, kai ka tashi da 3,680,000. Idan ya fara cire kasonsa, zai ɗauki miliyan 1, kai ka tashi da 3,600,000. Layi ɗaya a takarda, naira 80,000. A ƙara da cewa ba zai amince da wani tayin sulhu ba sai da izininka. Ka ba shi kwafin takardunka, na asali su zauna a hannunka har ranar da kotu ta buƙace su, ko kuma ya sa hannu cewa ya karɓa.

Wa za a kama

Aikin lauya na farko shi ne gano masu alhaki. Direban da ya yi sakaci yana bakin aikin ubangidansa, doka tana ɗora wa ubangidan alhaki tare da shi. Shi ya sa ake binciko sunan da ke kan takardun motar, da na kamfanin da tirelar ko tifar take yi wa aiki. A kan adaidaita sahu abin yakan cakuɗe, domin wani direban balas yake kaiwa, wani kuma biya yake a hankali har mashin ɗin ya zama nasa, kuma hukuncinsu ba lalle ya zo ɗaya ba.

Sai inshora. Doka ta daɗe da wajabta wa duk abin hawa da ke bin titi inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, ta kuma ɗaga iyakar biyan ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3. A lura, wannan iyaka ta dukiya ce, kamar mota ko katanga. Rauni da rai ba a ƙarƙashinta suke ba, kada wani ya ce maka nan abin ya tsaya.

Matsalar ita ce takardun bogi sun yi yawa, irin waɗanda ake haɗa wa mutum a gindin bishiya don ya wuce shingen 'yan sanda. Ana iya duba lambar motar a rumbun bayanan inshora na NIID ta intanet a ga ko tana da inshora mai rai, da sunan kamfanin. Idan ta gaske ce, lauya zai rubuta musu da wuri, domin doka ta ce sai an sanar da kamfanin cikin ƙayyadadden lokaci game da ƙarar kafin a tilasta masa biyan abin da kotu ta yanke. Idan ta bogi ce, nauyin ya koma kan direban da mai motar. A nan sai a zauna a yi lissafin gaskiya: yana da abin da za a kama? Ƙarar da za a ci a kan wanda ba shi da ko akuya, takarda kawai za ta bar maka.

Yadda ake lissafin abin da za a nema

Ginshiƙin lissafi shi ne rahoton likitan da ya duba ka. Ya ƙunshi irin raunin, aikin da aka yi, abin da ya rage a yi nan gaba da kimanin kuɗinsa, da nakasar da za ta zauna. Kada a yi gaggawar karɓar rahoton ƙarshe ciwo bai tsaya ba. Idan wa'adi ya matso, a shigar da ƙara da rahoton farko, a kawo cikakken daga baya.

Ma'aikacin albashi takardar albashinsa ta ishe shi nuna abin da ya rasa. Wahalar tana kan birkila, tela, ɗan kasuwa, mai tura baro. A ce birkila yana samun naira 6,000 a yini, kwana 26 a wata, ya kwanta wata 5. Asararsa 780,000 ce, amma faɗa da baki ba ya isa. Sai a kawo ɗan kwangilar da yake ɗaukarsa aiki, ko shugaban ƙungiyarsu, ko bayanin asusun banki, ko littafin adashin da yake zubi kullum ya daina daga ranar haɗarin. Matar da ke sana'a a cikin gida ita ma tana da asarar da za a lissafa, kada a manta da ita don ba ta da shago. Yaro ƙarami kuwa mahaifinsa ko waliyyinsa ne ke shigar da ƙara a madadinsa.

A kan wannan ake ɗora diyyar azaba, da ta rasa wani amfani na jiki, da raguwar ƙarfin nema har gaba. Ka gaya wa lauyanka abin da ciwon ya hana ka a zahiri: ba ka iya durƙusawa a sallah, ba ka iya hawa tsani, ba ka iya taka keken ɗinki. Irin wannan bayani ya fi "ina shan wahala" tasiri a kunnen alƙali.

Wasiƙa, sasanci, kotu

Lauya zai fara da wasiƙar neman biya zuwa ga mai motar da kamfanin inshora, da adadi da wa'adin amsa. Tayin farko kusan kullum ƙasa yake zuwa, kada ya ɓata maka rai, ciniki ne aka buɗe. Idan kamfanin inshora ya yi ta jan ƙafa, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi. A Kano akwai zauren sasanci na babbar kotu da aka buɗe a 2009, Abuja ma tana da irinsa. Abin da aka amince a can ana iya kai shi gaban alƙali ya zama hukunci, wanda ya fi takardar caji ofis ƙarfi nesa ba kusa ba.

A ganina, sulhu mai kyau da aka yi bayan rahoton likita ya fito ya fi shari'a mai tsawo, musamman yadda darajar naira ke zaizayewa. Miliyan 4 a hannu bana tana iya fin miliyan 6 da za a yanke bayan shekaru, a kuma ɗaukaka ƙara a kanta. Amma ba a samun tayi mai kyau sai ɗaya ɓangaren ya ga da gaske ka shirya zuwa kotu.

Idan aka shiga, babbar kotun jiha ce ke sauraron manyan ƙararraki, ƙananan kotuna suna da iyakar kuɗin da za su iya yankewa. Tsarin yanzu shi ne a shigar da komai tun farko: takardar ƙara, jawabin kowane shaida a rubuce bisa rantsuwa, da kwafin takardun da za a dogara da su. Ka sa a karanta maka jawabinka da Hausa kafin ka rantse a kansa, domin a kansa lauyan ɗaya ɓangaren zai yi maka tambayoyin ƙure. Ranar shaida kana da damar neman tafinta. Ka amsa abin da aka tambaye ka, ka yi shiru. Za a ɗage zama ba sau ɗaya ba, shari'ar tana iya cin shekaru. A tsawon wannan lokaci ka riƙa kiran shaidunka kuna gaisawa, kuma ka kiyayi abin da kake sawa a Facebook. Mai cewa ba ya iya tsayuwa, aka ga hotonsa yana rawa a biki, ya gama yi wa kansa illa.

Idan duka ɓangarorin Musulmi ne kuma daidaikun mutane, a jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci ana iya zuwa kotun shari'a. Can gaɓoɓi suna da ƙayyadadden kaso: hannu ɗaya rabin cikakkiyar diyya, yatsa ɗaya bisa goma, haƙori ɗaya bisa ashirin, raunin da ba a ƙayyade ba kuma alƙali ya ƙiyasta. Sau da yawa ta fi sauri. Amma inda kamfani ko hukuma ko inshora ke cikin magana, batun hurumi yana tasowa, don haka a bar lauya ya auna kafin a zaɓi ƙofa.

Raunin da aka samu a bakin aiki kuwa hanyarsa daban ce. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, wato NSITF. Ma'aikaci ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, a kuma nemi diyyar cikin shekara 1. A wannan tsari ba sai ka tabbatar da sakacin kowa ba. Rigimar da ta taso tsakanin ma'aikaci da wurin aikinsa kuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake kai ta.

Bayan an yanke hukunci

Hukunci ba kuɗi ba ne tukuna. Wanda aka kayar yana da wata 3 ya ɗaukaka ƙara. Idan bai ɗaukaka ba kuma bai biya ba, lauya zai nemi kotu ta umarci bankinsa ya fitar da kuɗin daga asusunsa, ko ma'aikatan kotu su kama kadararsa a yi gwanjo. Saboda haka duk abin da ka sani game da bankin da yake hulɗa da shi ko inda motocinsa ke kwana, ka sanar da lauyanka tun da wuri. Idan kuɗin gwamnati ne ke hannun jami'inta, doka ta ce sai an nemi amincewar Antoni Janar kafin a taɓa su, wannan kuma yakan ja lokaci.

Ko ta sulhu kuɗin suka zo ko ta hukunci, kamfanin inshora zai kawo takardar sallama ka sa hannu. Ka duba adadin da ke jikinta da idonka, ka riƙe kwafi. Idan ta hannun lauya za a biya, kuɗin suna shiga asusun da doka ta ce ya ware don kuɗin masu ƙara, ba asusunsa na kansa ba. Ka nemi lissafi a rubuce: abin da ya shigo, ɗawainiyar da aka cire da rasit ɗinta, kasonsa, da ragowarka, a tura maka ta banki. Lauyan da ya riƙe kuɗin mai ƙara ana kai ƙorafinsa reshen NBA ko kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda ke da ikon dakatar da shi ko soke sunansa daga rajista. Idan likita ya rubuta cewa akwai aikin cire ƙarfe nan gaba, a ware kuɗinsa a asusu daban tun ranar da aka biya, kafin 'yan taya murna su fara sallama.